Binne ko jiran ruwan shuka: a cikin biyun nan wa ya riga malam masallaci?

Duk shekara da zarar watan bakwai na manoma ya kama, zafi ya kai maƙura, shamuwa ta fara sauka kan bishiyoyin gari, gardamar nan sai ta dawo sabuwa fil a majalisa da bakin masallaci har ma da waya tsakanin ɗan da yake birni da babansa na ƙauye. Wani ya ce gobe zai ɗauki sungumi ya je ya yi binne, wani ya ce masa kai dai ka cika azarɓaɓi, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba zaka je ka zuba iri a ƙasa mai zafi kamar garwashi, ai wannan riga malam masallaci ne. Shi kuma ya ce watan bakwai maƙarar rani ko ba ruwa da alamu. Haka za'a tashi kowa na kan bakansa.

Ga waɗanda suka tashi a birni, binne shine ka shuka iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, ka sara rami da sungumi, na bayanka ya jefa iri ya take da ƙafa, shikenan ku tafi gida ku bar shi yana kwance yana jiran sama. An fi yinsa da gero, wasu har dawa, kuma an fi yinsa can sama, Daura, Jibiya, Maigatari, Machina, Illela, ka tsallaka Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ɗaya hanyar kuma itace ta jira, sai anyi ruwan da manomi zai tona ƙasa yaga laima ta nutsa sosai, wanda ake kira ruwan shuka, sannan gari ya fita gaba ɗaya. Ni abinda nake gani shine mutane suna ɗora wa binne laifin da ba nashi ba, wanda yafi kowa yin gaggawar banza wani ne daban a tsakiyarsu, zan zo kansa.

Mu fara da dalilin da yasa mutum mai hankali zai binne irinsa a rani. Na farko damina a can arewa gajeriya ce, wuraren Maraɗi da Damagaram ruwan da ake samu a shekara yawanci milimita 400 zuwa 500 ne ko ƙasa da haka, kuma bai cika wuce wata uku yana zuba ba. Abin da masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka lura dashi tun shekarun 1980 shine, ranar faɗuwar damina tana yawo sosai, bana ta zo da wuri baɗi ta makara, amma ranar ɗaukewar ruwa bata cika motsi haka ba, wajen tsakiya zuwa ƙarshen Satumba dai an gama. Kaga kenan duk kwanan da ka yi asara a farko ba'a biyanka shi a ƙarshe. Mai binne ruwan farko na kirki da ya sauka nashi ne tun daga ɗigon farko, cikin dare akayi ruwa yana barci irinsa ya fara aiki, kwana uku zuwa huɗu gero ya leƙo. Mai jira kuwa sai gari ya waye ya fara neman mutane, in gonar da faɗi ko gonakin a warwatse suke ɗaya gabas ɗaya yamma, kafin ya gama kwana biyu uku sun wuce, kuma jigawa bata riƙe ruwa, rana ɗaya mai zafi ta isa ta busar da saman yashi, sai kaga ya shuka rabi laima ta gudu, sauran rabin sai an sake wani ruwan wanda zai iya ɗaukar sati biyu.

Na biyu maganar hannu ce. Ranar ruwan shuka kowa gonarsa yake, babu gayya babu ɗan ƙwadago mai araha, wanda ka samu ma kuɗinsa ya tashi. Ga samari da yawa lokacin basu dawo daga ci-rani ba, suna Legas ko Abuja ko Agadas suna jiran a buga musu waya ace anyi ruwa, kafin su haɗa kuɗin mota su iso an wuce wajen. Dattijo mai gandu babba da yara ƙanana da mata, binne ne yake bashi damar ya yi aikin a hankali, da sassafe kafin rana ta buɗe, yau kaɗan gobe kaɗan har ya rufe gonar ba tare da ya biya kowa ba.

Akwai kuma wani abu da manoma suka sani da ido tun kafin masana su yi bayaninsa, shukar ruwan farko tafi ta baya kore da ƙarfi. Dalili shine duk rani ƙasa tana bushe, kashin dabbobi da ragowar kara da ganye suna nan kwance, da ruwan farko ya taɓa su ƙananan halittun cikin ƙasa sai su farka su saki sinadarin nan da ke sa ganye kore, irin wanda muke saye a buhun yuriya, to a yashi wannan abin baya daɗewa, ruwa biyu uku masu ƙarfi sun wanke shi ƙasa inda saiwar ƙaramin gero bata kai ba. Wanda tsironsa ke tsaye lokacin shi ya ci, wanda ya zo daga baya ciyawa ta riga shi. Ga wanda bashi da kuɗin takin zamani wannan ba ƙaramin abu bane. Sannan in Allah yasa abin ya kama, mai binne ne yake fara cin tumu, yake fara yanka sabon gero a lokacin da rumbu ya ƙare kuma tiya ta fi tsada a kasuwa.

To yanzu ɗaya gefen, dan wallahi masu cewa kada ayi suma ba wawaye bane.

Babban makashin binne ba rashin ruwa bane, yayyafi ne. In ba'a yi ruwa ba sam, ƙwayar gero zata iya kwana sati biyu uku a busasshiyar ƙasa lafiyarta lau. Matsalar itace ayi ɗan ruwan da zai jiƙa ƙasa iya zurfin irin kawai, ƙwaya ta sha ta kumbura ta fasa, ta fara tura saiwa sai ta tarar da ƙasanta ƙura ce, daga nan rana ta fito, kuma saman yashi a watan Mayu zafinsa yana wuce digiri 50 da tsakar rana, shikenan ta mutu a ciki ko ta leƙo ta ƙone. Wani lokacin ma baka sani ba, kana gida kana ganin kayi shuka ashe gonar kabari ce kawai, sai anyi ruwan gaske maƙwabta suna shuka kai kana jiran tsiro, kwana huɗu biyar shiru, sai ka koma ka tona kaga ruɓaɓɓen iri. A nan mai binne ya koma bayan mai jira ma, ya yi sammako amma an riga shi isa.

Sai ɓarayin iri. Tururuwa tana kwashewa ƙwaya ƙwaya ta kai raminta, ɓera da gafiya suna tonawa, zabi da kurciya da kajin gari in gonar kusa da gida take suna bin sawun sungumi rami rami kamar an nuna musu. Iya daɗewar da iri yayi a ƙasa iya rabon da suke samu. Sannan guguwar farkon damina, wadda take taso da yashi kafin ruwa, tana iya rufe ramukan da yashi mai yawa har tsiro ya kasa fitowa, ko in ya fito ƙarami ta yanke shi ta binne shi. Wannan kam har mai shukar ruwa tana taɓawa, amma wanda ya fara fitowa shi yafi cin duka saboda lokacin iskar tafi ƙarfi kuma fili fayau yake. Masu barin kara a kwance a gona maimakon su kwashe ko su ƙone sunfi samun sauƙi a nan.

Kar a manta da dabbobi. Da rani awaki da tumaki a sake suke, sai mai gari yasa anyi shela an ɗaure, kuma ba'a shelar sai gari ya yi shuka. In naka ya tsiro kai kaɗai a duk karkarar, kore ɗaya tal a tsakiyar fari, to ka shuka wa akuyoyin unguwa ne, kuma bakada bakin kai ƙara. Haka a ƙarshe, gonar da ta riga kowa fitar da kai tsuntsaye duk can suke taruwa, kuma gero in ya nuna a tsakiyar marka ta Agusta shanya shi aiki ne, yana iya yin baƙi ko ya fara tsirowa a zangarniya. Shi yasa binne yafi daɗi inda duk gari akeyi tare, asarar tsuntsu da ta dabba sai ta rarrabu.

Ciyawa ma wani lissafin ne. Mai jira, musamman mai garmar shanu ko mai hayar tarakta, yana barin ruwan farko ya tada ciyawa sannan ya bi ya kife ta ya yi huɗa ya shuka a kan kunya mai tsabta, ya rage wa kansa rabin wahalar noman firi. Mai binne shi da ciyawa rana ɗaya suke tashi, in bai shiga noma da wuri ba ta shaƙe geron. A yashi mai laushi inda ake noma da hauya a tsaye wannan da sauƙi, amma a ƙasa mai nauyi wahala ce.

Yanzu bari in zo kan mutumin da nace. Akwai mai binne, akwai mai jiran ruwan shuka, sai na uku wanda baya cikin ko ɗaya, shine wanda da anyi ruwan farko a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ƙasa tayi ƙamshi, sai jikinsa ya ɗauki rawa ya kwashi iri ya tafi, har da masara da gyaɗa. Wannan shine ainihin wanda ya riga malam masallaci a ganina. Mai binne ya san caca yake yi kuma ya zuba abu kaɗan, irinsa a bushe yake yana iya jira. Shi wannan ya saka iri a laimar da ta isa ta tsirar dashi tabbas amma bata isa ta raya shi ba, wato ya tada abu daga barci ya bashi yunwa. Ruwan farko a ƙasar Hausa sau da yawa na yaudara ne, ayi guda ɗaya mai kyau sannan sama ta ɗauke sati biyu ko uku. Ma'aunin da masu binciken Sadore suka kafa a 1988 wanda har yanzu ake amfani dashi a Sahel shine, bayan 1 ga Mayu, a samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a samu tsayawar ruwa da ta wuce kwana 7 a cikin kwana 30 da suka biyo baya. Abin dariyar shine rabin ma'aunin na biyu sai bayan ya wuce zaka sani, babu manomin da zai zauna wata guda yana ƙirga kwana kafin ya shuka. Amma rabin farko yana da amfani, kuma ko bakada ma'aunin ruwa ka tona da hannu, in laima bata wuce tsawon tafin hannunka ba, ko kuma ka tarar da busasshiyar ƙasa a ƙarƙashinta kusa kusa, ba ruwan shuka bane komin ƙamshin da gari yake yi. A haɗa da hasashen da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara, wanda yake faɗin lokacin da ake sa ran damina zata zauna jiha jiha da inda ake tsoron tsayawar ruwa, a Nijar kuma akwai na hukumar yanayi ta ƙasa da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, ana karantawa a rediyo da Hausa. Ba wahayi bane, suna kuskure, amma in sunce yankinku sai tsakiyar Yuni kai kuma kaga ruwa ranar 5 ga Mayu, ya kamata jikinka ya yi sanyi kaɗan.

To wa ya kamata ya yi wanne? Abu na farko da zan tambayi mutum shine me zaka shuka. Gero ƙwayarsa ƙanana ce, kilo kaɗan ya isa hekta guda, tiya biyu uku daga rumbunka, in ya lalace ka sake ba tare da ka sayar da akuya ba, kuma yana da juriyar zafi da ƙishi fiye da duk sauran. Masara kuwa hekta tana cin wajen kilo 20 zuwa 25, in kuma irin kamfani ne kuɗi ne masu yawa a ƙasa, gata da raki. Gyaɗa tafi ma, irin hekta ɗaya ya kusa buhu, kuma mai ne a cikinta, zafin ƙasa yana kashe ta tun kafin ruwa, ga ɓera da gara suna sonta. Wake haka. Waɗannan ukun ni bazan taɓa ba mutum shawarar ya binne su ba ko a ina yake. Dawa tana tsakiya, wasu sunayi a yashi kuma yana kamawa, amma ita da maiwa irin na gargajiya sai rana ta fara gajarta suke fitar da kai, dan haka riga kowa shukawa bazai sa ka riga kowa girbi sosai ba, kara dai zaka samu mai tsawo, wanda shima ba asara bane ga mai dabbobi ko mai son danni.

Na biyu wace irin ƙasa ce. Jigawa mai yashi ita ce gidan binne, sungumi yana shiga, ruwa yana nutsewa nan take ya kai ga iri. Laka ko fako kuwa da rani ko saran ma baya yiwuwa, kuma in ruwa ya daki samanta sai ta yi ɓawo mai tauri ta hana tsiro fitowa. Sai dai in kana tassa irin ta mutanen Tawa, ramukan da ake haƙawa tun rani a fako a zuba taki a ciki su tara ruwa, nan kam ramin ne kake shiryawa da wuri, kuma ko su da yawansu sai ruwa ya sauka suke jefa iri.

Na uku ina kake. Mutumin Zariya ko Funtuwa ko kudancin Kano, inda ruwa ke kaiwa milimita 900 zuwa 1000 ko fiye kuma damina tana kai wata huɗu zuwa biyar, me zai kai shi binne? Yanada lokaci, jira baya cinsa komai, kasadar kawai zai ɗauka babu ribar. Iya matsawarka arewa iya yadda lissafin yake juyawa.

Akwai kuma abinda ya canza gardamar a 'yan shekarun nan, wato irin gero mai saurin nuna. SOSAT da cibiyar binciken tafkin Chadi ta Maiduguri ta yaɗa a Najeriya yana nuna cikin wajen kwana 90, HKP na Nijar shima kusan haka ko ƙasa kaɗan, ga Chakti da aka fitar a Nijar a 2018 wanda yafi su sauri. In kana da irin waɗannan a hannu, tsoron makara ya ragu, zaka iya jiran ruwan gaske ka shuka a ƙarshen Yuni kuma ka tsira. Kuma tunda sayensu kayi, ba'a wasa dasu a busasshiyar ƙasa. Irin gida mai dogon zango shi yafi buƙatar kowace rana ta damina, kuma shi ne mai arha, kaga shi ya dace da binne ta kowace fuska.

Taki ma haka. Dabarar nan ta zuba ɗan taki cikin murfin kwalbar lemo a kowane rami, wajen giram 6 na NPK, tana aiki sosai amma da laima, in ka haɗa shi da iri a busasshen rami akayi yayyafi gishirinsa zai ƙone tsiron, in shukar ta mutu kuma kayi asara biyu. Mai binne ya bari sai tsiro ya tsaya ya bi da takin. Jiƙa iri cikin ruwa ya kwana kafin shuka shima na mai shukar laima ne kaɗai, wanda ya jiƙa iri ya binne a busasshiyar ƙasa ya kashe shi da hannunsa. Abinda ya dace da binne shine maganin gauraya iri irin su Apron Star saboda ƙwari da ciwon da ke kama gero tun yana ƙarami, a sa safar hannu ko leda dan Allah, kuma a ɓoye ragowar kada yara ko kaji su samu. A yankin Maraɗi ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da wata jami'a ta Jamus sun gwada wata dabara, a cuɗa yashi da laka da ɗan toka ko taki da ƙwayoyin gero a mulmula ƙanana a shanya su bushe, sai a binne dunƙulen. Tururuwa da tsuntsu basa iya ɗauka cikin sauƙi, kuma tsiron yana samun ɗan abinci a kusa. Aikin mulmulawar ne dai yake cin lokaci, amma rani ne, lokacin akwai shi.

In ni ne mai gona a jigawar arewa, gonaki biyu ko uku da hannu kaɗan, raba ƙafa zanyi. Gonar da tafi nisa da gari, wadda ranar ruwa bazan iya kaiwa gareta da wuri ba kuma awaki basa zuwa, ita zan binne da geron gida, kuma ba tun Afrilu ba, sai alamu sun taru, iska ta juyo daga kudu maso yamma, hadari ya fara haɗuwa da yamma, gawo ya fara zubar da ganye, yadda irin bazai wuce sati ɗaya zuwa biyu a ƙasa ba. Zan ɗan zurfafa ramin fiye da na shukar laima yadda ƙaramin yayyafi bazai kai gareshi ba, amma ba can ƙasa ba dan ƙwayar gero batada ƙarfin hudo ƙasa mai yawa. Ta kusa da gida da wadda nasa wa taki da duk inda irin saye zai shiga, waɗannan sai ruwan shuka. Kuma sharaɗin da bana sassautawa, kada mutum ya binne irin da bashi da madadinsa, a ajiye aƙalla kwatankwacin abinda aka zuba a gefe, a Nijar sake shuka sau biyu har uku a shekara ɗaya ba baƙon abu bane. Duk yayyafin da akayi bayan binne, washegari ko jibi a je a tona rami goma a wurare daban daban a duba ƙwayar, in ta kumbura ta yi laushi ko ta fasa ta bushe to a ɗauka babu shuka a gonar nan, a fito da irin ajiya a shiga layin masu jira.